Masu rainon dashe na bakin titi a Sakkwato: inda suka iya da inda sai ka tashi tsaye

A gefen manyan titunan Sakkwato, duk inda aka samu ɗan fili da ruwa kusa, za ka tarar da masu fulawa, wato masu rainon dashe da furanni, sun jera baƙaƙen ledoji a ƙarƙashin rumfa ko inuwar dogon yaro. Wurinsu kowa ke fara nufa idan maganar dasa itace ta taso, ko mai sabon gida ne a Arkilla ko Bado, ko kwamitin masallaci, ko matasan unguwa da suka samu wani kangon fili suna son mayar da shi wurin shan iska tun kafin ya zama juji ko a yanka shi shaguna. Saboda waɗannan na ƙarshen aka yi sharhin nan. Mai gida yana da katanga da ƙofa da famfo. Filin unguwa kuwa a buɗe yake ga akuya da yara da rana, kuma abin da ake nema a cikinsa inuwa ce mai daɗewa, da rassan da tsuntsaye za su sauka, da ƙasar da za ta shanye ruwan sama maimakon ta kora shi gidajen mutane.

Ga mai gida, aikin masu fulawa ya biya. Ga mai fili, rabin aikin kawai suke yi, kuma wannan rabin ma sai mai saye ya san abin da zai tambaya da abin da zai duba.

Kayan da ke kan layi kusan iri ɗaya ne ko'ina: dogon yaro, malaina, itacen turare, mangwaro, gwaiba, lemo, da dogon itacen nan siriri na ado da ake jerawa bakin katanga, sai furanni kala-kala. Ana samun su rani da damina, ana ciniki, kuma wanda ya sayi da yawa ana yi masa ragi. Wasu daga cikin masu sana'ar sun ƙware a auren mangwaro da lemo, wato haɗa reshen iri mai kyau a jikin wani dashe, aurensu yana kamawa da kyau. Dogon yaronsu ma ba laifi. Itacen daga Indiya aka kawo shi, amma ya karɓi ƙasar nan kamar tasa: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, shi ne ke riƙe da ganyensa, gara ba ta cika damunsa ba, cikin shekara uku zuwa huɗu an fara zama a gindinsa. Babu mai hankalin da zai tsara fili a Sakkwato ya cire shi gaba ɗaya.

Matsalar ita ce a cika fili da shi kaɗai, kuma abin da mai sayarwa zai ba ka shawara ke nan domin shi yake da shi da yawa. Inda dogon yaro ya haɗe, ƙarƙashinsa fayau yake, ciyawa ba ta tashi. Sannan itace iri ɗaya ciwo ɗaya ne ke kwashe shi. A wajajen 1990 an ga dogon yaro yana ta bushewa a sassan Nijar da arewacin Nijeriya, kuma wuraren da shi kaɗai aka shuka su suka fi jin jiki. Kada wani iri ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da za a dasa. Itacen turare kuwa a bar shi: yana zuƙe ruwan ƙasa, inuwarsa shara-shara ce, gara tana cin ƙanana, manyan kuma reshensu na karyewa ba gargaɗi, abin da ba a so a wurin da tsofaffi da yara ke zama. Itacen adon nan siriri ba shi da inuwar da za ta rufe mutum biyu, kuma ba ya rayuwa sai da ruwa kullum.

Babban giɓin da ke wurin masu fulawa shi ne itatuwan ƙasarmu. Ka tambayi gawo, bagaruwa, aduwa, kurna, magarya, kanya, ɗunya, marke, da wuya ka samu ko leda goma. Tsamiya da maɗaci da kuka akan dace da su jefi-jefi. Ba ƙeta ba ce. Mai saye ba ya tambayarsu, domin a ganin mutane itacen daji ba abin da za a fitar da kuɗi a saya ba ne, kuma ba sa yin kyan gani a leda. Abin yana da ciwo idan aka tuna cewa sunayen wurare a garin nan kansu itatuwa ne: Gawon Nama, Rijiyar Ɗorowa, da Giginya, inda dakarun Daula suka tari Turawa a 1903, sunan da yau ke kan filin wasa da barikin soja. Bagaruwar da majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da ita, itace ne da ke jure kwanciyar ruwa na makonni a gefen fadama. Gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da rani, wato yana ba da inuwa daidai lokacin da ake nemanta, kuma ciyawa na tashi a gindinsa. Kurna da magarya da kanya da ɗunya su ke kawo tsuntsaye. Waɗannan itatuwa sun saba da ruwan sama na wata huɗu, milimita 600 zuwa 700 a shekara, da dogon rani na wata takwas; da zarar sun kama, ba sa ƙara neman jarka.

Ana iya samun su, amma sai an ba da aiki tun da wuri. A je wurin mai raino a watan Fabrairu ko farkon Maris, a ba shi jerin iri da adadin kowanne, a ajiye kafin alƙalami, kuma mafi kyau a kai masa irin da kai. Yawancinsu za su karɓa da murna, sai dai a bi su da bayani, domin irin itacen daji ba ya tsira kamar na dogon yaro. Ƙwayar gawo da bagaruwa da kuka fatarsu tauri ne da ita: a tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin, a bar shi ya kwana ya wuni a ciki, ko kuma a ɗan kankare gefen kowace ƙwaya da abin yanke farce ba tare da an taɓa cikin ba. Kurna da magarya a fasa ƙwallon a hankali a ciro 'ya'yan ciki. Irin dogon yaro da na maɗaci kuwa ba sa jira, makonni kaɗan ƙarfinsu ya tafi, don haka sabo ake shukawa. Leda kuma ta zama doguwa, kamar santimita 30, domin gawo da aduwa uwar saiwa suke fara turawa ƙasa kafin su ɗaga kai. Ledar ruwan sha da wasu ke amfani da ita don tsimi ba ta ɗaukar waɗannan. Wata uku zuwa huɗu a leda ya ishi gawo da bagaruwa. In aka shuka a ƙarshen Maris, tsakiyar Yuli sun isa dashe.

Giginya da goriba ba a sayen su a leda ko da an ba ka kyauta. Duk wanda ya san muruci ya san yadda ƙwallon giginya ke tura ƙafa can cikin ƙasa kafin ganye ya fito; a leda babu inda za ta. A binne ƙwallon kai tsaye inda ake son itacen, a kewaye wurin, a yi haƙuri. Ceɗiya da durumi su kuma reshe ake sarowa, mai kaurin damtse da tsawon mita biyu, a kafa shi da farkon damina. Ya riga ya fi ƙarfin bakin akuya tun ranar farko.

Ingancin dashen da ke kan layi ya bambanta ƙwarai, har a wurin mutum ɗaya, kuma ido yana ruɗar mai saye. Kowa hannunsa na zuwa kan mafi tsayi da mafi kore, alhali galibi shi ne mafi rauni. Dashen da ya dace tsayinsa santimita 30 zuwa 50 ne, wuyansa ya kai kaurin fensir, ƙasan jikinsa ya fara yin itace. Kada a ji nauyin cewa, "Malam, ɗaga mini wannan in ga gindinta." Idan ledar ta ƙi ɗaguwa, saiwa ta huda ta shiga ƙasa, kuma da an fizge ta an tsinke rabin ran dashen, zai yi kyau a mota, ya yanƙwane bayan kwana uku. Mai raino na ƙwarai yana ɗaga ledojinsa duk bayan mako biyu yana datse abin da ya leƙo. A sayi leda biyu ko uku daga cikin tarin a yage su nan take. Saiwa fara mai rassa da ta riƙe ƙasar, wannan lafiya. Idan kuwa uwar saiwa ta naɗe a gindin leda kamar gammo, dashen ya kwana biyu, watakila ragowar bara ne. Irin wannan yana kamawa, har ya yi shekara huɗu ko biyar, amma saiwarsa ba ta nutsa ba, sai iskar farkon damina ta kwantar da shi. A dubi ƙasar ledar kuma: in yashi ne zalla za ta wargaje lokacin dasawa, in laka ce zalla ta daskare kamar bulo. Haɗin da ke aiki shi ne kwano biyu na ƙasar gona, ɗaya na yashi, ɗaya na ruɓaɓɓen taki.

Akwai abin da kusan duk ba sa yi sai an roƙa, wato horar da dashe. Abin da ya tashi ƙarƙashin rumfa yana shan ruwa safe da yamma, in aka kai shi fili rana ɗaya ta ishe shi. Mako biyu zuwa uku kafin ɗauka a sa mai raino ya fitar da ledojin rana, ya rage ruwa zuwa sau ɗaya a yini, daga baya bayan kwana biyu. Ganyen zai ɗan dushe, haka ake so. Ranar ɗauka a shayar da su da daddare, a loda da sassafe, a kama leda ba wuyan dashe ba, a rufe bayan a-kori-kura da tabarma ko buhu domin iskar tafiya tana ƙona ganye fiye da rana.

Da yawa daga cikinsu suna karɓar aikin dasawa, su zo da yaransu da diga da shebur. A nan ne ya kamata kwamiti ya tsayar da mutum a kansu, domin ana biyan su ne bisa yawan rami, kuma mai sauri ba ya zurfafawa. Ramin da ake so santimita 60 ne faɗi, 60 zurfi. A unguwannin tudu sau da yawa diga tana cin karo da marmara tun ba a yi nisa ba. In aka tsaya a nan, ramin ya zama kasko, ruwa ya kwanta da damina ya ruɓar da saiwa, da rani kuma saiwa ta rasa hanyar ƙasa. Dole a fasa ta. Ƙasar sama a ajiye ta gefe guda, a cuɗa ta da kwanon sarki ɗaya na takin da ya ruɓe, ita za a fara mayarwa. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. A haƙa ramukan tun Yuni a bar ruwa biyu ko uku ya sauka a ciki. A yanke gindin leda da reza kamar santimita biyu, a tsaga gefe, a cire ta gaba ɗaya. Ana samun yaran da ke binne dashe da ledarsa in ba a kallo. Wuyan dashe ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, a taka kewaye, a yi masa kwano mai faɗin mita ɗaya, a rufe da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa amma kada ya taɓa jikin itacen, a barbaɗa toka saboda gara.

Lokaci kuma shi ne tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, bayan ƙasa ta sha ta ƙoshi. Dashen Satumba, wanda aka fi yi saboda sai lokacin kuɗi ke fitowa ko ake shirya biki, mako uku kawai yake samu kafin ruwa ya ɗauke, sai hunturu ya tarar da shi bai kama ba. Mai sayarwa ba zai hana ka saye a Satumba ba.

Abu biyu da ke yanke hukuncin rayuwar dashe ba a sayar da su a wurin masu fulawa, kuma ba sa cikin lissafin da za su ba ka: keji da ruwa. Akuya tana miƙewa da ƙafafun baya, don haka kejin da bai kai mita ɗaya da rabi ba bai tsare komai ba. Faɗinsa ya kai kusan mita ɗaya, in ba haka ba duk reshen da ya leƙo an cinye. Ragar waya a kan turaku huɗu tana aiki, amma ta ƙarfen rodi tana jan idon masu jari-bola sai an kafa ƙafafunta da siminti. Ginin bulo mai tagogi ya fi daɗewa, ya fi tsada. Ƙayar magarya ko bagaruwa da aka kewaya da kauri ita ce mafi araha, sai dai a sabunta ta duk shekara. Tsohuwar ganga da aka yanke kai da gindi a guje ta, da bazara tanda take zama. Idan filin ya kai rabin hekta, kewaye shi gaba ɗaya da ƙofa ɗaya ko biyu yakan fi sauƙi a kan keji ɗaya-ɗaya, kuma yana ba ciyawa da tsiron daji damar dawowa.

Ruwa kuwa a yi lissafinsa da alƙalami kafin a sayi leda ko ɗaya. Hekta ɗaya, in aka ba da tazarar mita 8 tsakanin itatuwa, tana ɗaukar dashe 156. Kowanne yana son lita 20 sau biyu a mako a ranin farko. Lita 6,240 ke nan a mako, kusan jarka 250 ta lita 25, daga Oktoba har ƙarshen Mayu. Kwamitin da ba shi da rijiyar burtsatse ko tanki kusa, ko kuɗin 'yan ga-ruwa na wata takwas, gara ya dasa 40 ya raya su, baɗi ya ƙara. Shayarwa mai yawa jefi-jefi ta fi yayyafi kullum, domin ita ke jan saiwa ƙasa. Tulun da ba a shafe ba, in aka binne shi har wuya a gefen dashe aka rufe bakinsa, yana tsattsafo ruwa a hankali ya rage asara sosai. A rani na biyu sau ɗaya a mako ya isa, na uku kuwa itatuwan gida sun tsaya da kansu. Idan aka haɗa keji da ruwa da ladan mai kula, kuɗin dashen kansa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin, saboda haka dogon ciniki a kan farashin leda ɓata lokaci ne. A kan inganci ya kamata a tsaya.

Kada a miƙa musu tsarin fili. Sana'arsu raino ce, kuma in aka bar su za su ja igiya su jera layi kamar gonar mangwaro, bayan sun sa an share duk abin da ke wurin. Wannan sharar ita ce asara mafi girma. Kututturen sabara da kalgo da geza da ke kangon fili suna da saiwa mai shekaru a ƙasa. Manoman Maraɗi sun nuna abin da ake yi da su tun shekarun 1980, abin da suke kira sassaben zamani: a zaɓi tsiro biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran, a datse rassan ƙasa, a kare. Ba rami, ba jarka, kuma yana riga dashen leda girma. A zagaya filin da damina a ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, a sa alama a kan duk abin da za a bari, sannan a san adadin da za a saya. Inda ƙasa ke gangara a haƙa rami mai siffar rabin wata mai faɗin mita 2 zuwa 4, bakinsa yana fuskantar tudu, a dasa a cikinsa. Gefen kwari da bakin fadama, irin na wajajen Kwalkwalawa inda Rima ke malala, bagaruwa da giginya da ciyawar jema ake sawa, kuma ba a gina komai mai tsada a inda ambaliyar 2010 ta kai. Wurin zama ya kasance kusa da ƙofa, a tara masu inuwa mai kauri a nan, tsamiya da maɗaci da dogon yaro. Hanyar ƙafa ta marmara mai faɗin mita ɗaya da rabi ta zagaya. Can ciki a bar wani yanki ba benci ba shara, na kurciya da hasbiya da sauran masu sheƙa. Dogon yaro ya nisanci katanga da shadda da mita 5, ceɗiya da durumi da mita 10 ko fiye, kuma kada a sa babban itace ƙarƙashin wayar lantarki. Kafin duk wannan, a samu amincewar mai unguwa da hakimi da hukumar tsara birni a rubuce, domin itacen da aka dasa a filin da ba takarda ranar da ya yi inuwa ake zuwa da mai awo. Mai neman shawara a kan iri da ƙasa yana iya tuntuɓar jami'an gandun daji na ma'aikatar muhalli ko sashen nazarin gandun daji na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Babu mai raino da ke ba da lamuni a kan abin da ya mutu sai an yi sharaɗi tun farko, kuma yawancinsu suna yarda in aikin da ɗan yawa. A raba biya uku: kafin alƙalami lokacin ba da aiki, kaso na biyu ranar da aka gama dasawa aka duba ramuka, na ƙarshe bayan mako shida, lokacin da abin da ya mutu saboda mugun dashe ko mugun rami ya riga ya nuna kansa, shi kuma ya maye gurbinsa. A sayi ƙarin kashi 15 cikin ɗari a ajiye a inuwa don cike gurbi kafin Agusta ta fita. Abin da ya mutu bayan nan na akuya ne ko ƙishirwa, kuma wannan yana wuyan kwamiti. Ƙidayar gaskiya a farkon Yuni ake yin ta, bayan bazara ta wuce: a bi layi da littafi, a rubuta kowane iri nawa aka dasa nawa ya rage, a kankare ɓawon duk wanda ya zubar da ganye da farce, in cikinsa kore ne a bar shi, in ya bushe a buɗe ramin a ga ko gara ce, ko naɗaɗɗiyar saiwa, ko marmarar da ba a fasa ba, kafin a koma wurin mai raino da odar baɗi.